Jirgi ya tsaya na wuni ɗaya: yadda za ka ga gari ka dawo kan lokaci

Idan ka duba takardar shirin tafiya ka ga an rubuta cewa jirgin ruwan yawon buɗe ido zai iso ƙarfe 8 na safe ya tashi ƙarfe 5 na yamma, kada ka sa a ranka kana da awa tara. Isowar jirgi daban, buɗe ƙofa daban. Sai an ɗaure igiyoyi, jami'an tasha sun gama duba takardu, an shimfiɗa gadar sauka, sannan dubban fasinjoji su jeru kowa na miƙa katinsa. Ta ɗaya gefen kuma akwai lokacin da ake son kowa ya riga ya shiga jirgi, wanda galibi rabin awa ne kafin tashi. Wannan lokacin shi ne naka, ba wanda ke kan takarda ba. Ana rubuta shi a allo a bakin gadar sauka, kuma ni ba na taka ƙasa sai na ɗauki hotonsa da waya.

Daga nan nake fara lissafi, daga ƙarshe zuwa farko. In an ce 4:30 kowa ya shigo, sai in ɗauka 3:30 aka ce, domin awa gudan nan ta cunkoson hanya ce da jirgin ƙasan da ya makara. In cire tsawon tafiya daga gari zuwa tasha, in cire irinsa na safe. Abin da ya rage shi ne ranata. A wani garin awa shida ce, a wani da ƙyar ta kai huɗu. Wanda ya yi wannan lissafin tun daren jiya ba ya yawo yana duba agogo kowane minti biyar, ya riga ya san ƙarfe nawa zai juya, ya san kuma daga ina.

Agogon ma a yi hankali da shi. Agogon Girka yana gaban na Italiya da awa ɗaya, jirgi kuma yakan kwana a ruwan wannan ya wayi gari a na waccan. Yawanci ana sanarwa a gyara agogo, amma akwai jiragen da ke riƙe da lokacinsu ko da na garin ya bambanta. Waya kuwa ba ruwanta, da ta kama sabis sai ta canza da kanta. Shi ya sa nake ɗaura agogon hannu, in saita shi da na jirgi kafin in sauka.

Abu na biyu da ya kamata ka sani tun kafin ranar shi ne inda jirgin zai tsaya takamaimai, domin sunan garin da ke kan talla sau da yawa ba nan tashar take ba. An rubuta Roma, amma Civitavecchia za a sauke ka, tazarar kusan kilomita 80. An rubuta Florence, a Livorno kake. Atina kuma Piraeus ce. Birnin Venice ma tun watan Agustan 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage bi ta mashigin Giudecca, don haka wasu suna tsayawa a Marghera, wasu har Ravenna ko Trieste. A gefe guda akwai garuruwan da tasha ke manne da tsakiyarsu. A Valletta ta ƙasar Malta, kana fita ka ɗan taka kaɗan sai ga lif na Barrakka, mai tsawon mita 58, ya ɗaga ka daga bakin ruwa ya dire ka cikin lambun da ke saman ganuwa. Irin wannan garin ba ya buƙatar wani dogon shiri, ƙafarka ta isa.

Roma ce ke buƙatar natsuwa. Cikin tashar Civitavecchia ba a barin mutum ya yi ta yawo yadda ya ga dama, mota ce ke kwasar fasinjoji daga gindin jirgi zuwa bakin ƙofa, daga can kuma akwai ɗan taki ko bas zuwa tashar jirgin ƙasa. Jirgin ƙasan yakan ci wajen awa guda, kuma kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne zama har Termini, babbar tasha, alhali akwai tashoshi kafin ita. Mai son fadar Vatican ya sauka a Roma San Pietro ya ƙarasa da ƙafa. Mai son Colosseum, tsohon dandalin wasannin Rumawa, ya sauka a Ostiense, ya shiga jirgin metiro, wato na ƙarƙashin ƙasa, layin B a Piramide, tasha ta biyu ya fito ya gan shi tsaye a gabansa. Tikitin takarda sai an buga masa tambari a na'urar da ke tasha kafin a hau, in ba haka ba tara ce. Ka kuma duba ko akwai yajin aikin ma'aikatan sufuri a ranar, domin a Italiya ana sanar da shi tun da wuri. Gidajen tarihin Vatican a rufe suke ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata. Da Vatican da Colosseum a wuni ɗaya daga jirgin ruwa kuwa, taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓi ɗaya ka shiga cikinsa sosai, ɗayan ka bar wa wani zuwan.

Wannan shawarar ita ce na fi riƙewa da muhimmanci, kuma ita mutane suka fi ƙi. Kowa yana son ya koma da hotunan wurare goma. Ni abin da ke damuna shi ne in ga mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya ƙetare teku, ya tsaya gaban ginin da ya shekara dubu da ɗari biyar, amma hankalinsa na kan wuri na gaba. Babban wuri ɗaya, sai ƙanana biyu da ke kan hanyar dawowa, ya wadatar. Ka fara da mafi nisa da sanyin safiya, ka riƙa matsowa kusa da jirgi yayin da rana ke yi. Ta haka duk jinkirin da ya same ka da la'asar, a kusa da gida zai same ka.

Istanbul ce ta fi nuna amfanin wannan tsarin, ita ce kuma tashar da na fi so. Galataport, wadda aka buɗe a 2021, tana bakin ruwan Bosphorus a unguwar Karaköy, kuma wurin duba fasfo a ƙarƙashin ƙasa yake. Kana haurowa ka nufi tashar tiram ta Tophane, wato jirgin nan da ke bin tsakiyar titi, layin T1. Ka sayi katin Istanbulkart a na'ura ka zuba masa kuɗi, shi ne na tiram da bas da jiragen fito duka. Hau wanda ya nufi Bağcılar. Zai tsaya Karaköy, ya haye gadar Galata, ya tsaya Eminönü, Sirkeci, Gülhane, na biyar ita ce Sultanahmet. Kada tasi ya ruɗe ka a wannan hanyar, titunan tsohon gari a cushe suke, tiram kuwa layinsa daban.

A Sultanahmet gine-gine biyu ne ke kallon juna, fili da lambu a tsakaninsu. Ayasofya, wadda Sarki Justinian ya gama gininta a shekara ta 537, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Atatürk, shugaban Turkiyya na farko, ta sake komawa masallaci a 2020. Daura da ita masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, na farkon ƙarni na 17. Duk biyun wuraren ibada ne masu aiki, don haka lokutan salla su ne ke tsara shigar baƙi, ranar Juma'a kuma masallacin Sultan Ahmed ba ya karɓar masu kallo sai an sauko. Ana cire takalmi, mata na rufe kai. In layin Ayasofya ya yi tsawo, ga Yerebatan nan kusa, tafkin ajiyar ruwa na ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, akwai sanyi, kuma minti arba'in sun isa. Fadar Topkapı kuwa ita kaɗai tana cin rabin wuni, ba ta buɗewa ranar Talata. Babbar kasuwa mai rufi, Kapalıçarşı, Lahadi take hutu. Ka ga ke nan ranar da jirginka ya iso ita ce za ta zaɓa maka, kuma gara ka sani tun kana gida.

Dawowa nake so ka yi a hankali. Sauka a Eminönü, ka leƙa kasuwar kayan ƙamshi da ke gefen masallacin Yeni Cami, sannan ka haye gadar Galata da ƙafa. A saman gadar masu kamun kifi ne jere, kowa da sandarsa da bokitinsa da ɗan kofin shayi a kan ƙarfen gada, zaren ƙugiya na sauka ta gaban gidajen abincin da ke hawan ƙasa. In ka waiwaya za ka ga ƙubbar Süleymaniye, aikin magini Sinan na 1557, a kan tudu. In ka dubi gaba kuwa jirginka ne can, fari, ya fi gidajen da ke gefensa tsawo. Daga nan ba ka dogara da kowace mota ba, ƙafarka za ta kai ka cikin abin da bai wuce rabin awa ba. Masu kwaɗayin taka ɓangaren Asiya, jirgin fito zuwa Üsküdar ko Kadıköy wajen minti ashirin ne, amma da safe ake yin wannan. Ba na son ruwa ya shiga tsakanina da jirgina bayan azahar.

Manyan wurare yanzu da tikitin lokaci suke aiki. Acropolis na Atina, tudun nan mai tsoffin gine-ginen Girkawa, tun watan Satumban 2023 an ƙayyade masu shiga zuwa mutum 20,000 a rana, kowa da sa'arsa. Cocin Sagrada Família ta Barcelona ma haka, in ba ka saya ta intanet tun da wuri ba, sai dai ka kalle ta daga waje. Wajen zaɓar sa'a kada ka ɗauki ta farko-farko, ka ba kanka aƙalla awa ɗaya da rabi bayan isowar jirgi. Daga Piraeus akwai taki mai ɗan tsawo zuwa tashar metiro, layi na 1 kuma zai kai ka Thissio ko Monastiraki cikin kimanin minti ashirin. Duwatsun hawan Acropolis sun sha ƙafafu har sun yi santsi, sa takalmi mai riƙo. A tsananin zafin bazara hukuma kan rufe wurin da tsakar rana, wani dalilin ke nan na sammako.

Inda lissafi ya fi tsanani shi ne wuraren da jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya can cikin ruwa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Tsibirin Santorini shi ne misalin da kowa ke bayarwa. Garin Fira yana can saman dutse, hawa kuma ko dai ta matakala kusan 600, ko ta kejin da igiyar ƙarfe ke ja, kejuna shida a jere, kowanne mutum shida. Ranar da manyan jirage uku ko huɗu suka haɗu, layin saukowa da yamma yakan miƙe har cikin lungunan gari. Lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe shi ne abin riƙewa a nan, kuma awa gudan da na ce a cire, a mayar da ita biyu. Akwai shafukan intanet da ke nuna jirage nawa za su kasance a kowace tasha a kowace rana, dubawa ba ta cin minti biyar.

To, a bi rangadin da kamfanin jirgi ya shirya, ko a tafi da kai? Na kamfani ya fi tsada, kuma za a ja ka da saurin ayari, wani lokacin har a tsayar da ku a shagon tsaraba. Amma yana da fa'ida ɗaya wadda ba ta da na biyu: in motarsu ta makara, jirgi zai jira, ko su ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Wanda ya fita da kansa ba a yi masa wannan alkawarin ba. Ni ƙa'idata ita ce nisa. In wurin ya wuce tafiyar awa ɗaya da rabi, ko hanya ɗaya ce tak babu madadi, ko akwai tsoho ko ƙaramin yaro a tare, a bi na kamfani. In gari ne mai tiram ko metiro a bakin tasha, a tafi da kai. Motar yawon gari mai buɗaɗɗen sama, wadda ake hawa a sauka inda aka so, tana da daɗi ga mai son kallo daga zaune, sai dai zagaye take yi ta hanya ɗaya, kuma da yamma takan zo a cike ta wuce ka. Kada ka sa ta zama hanyarka ta komawa. Mai hawa tasi kuma ya tabbatar an kunna mita ko an yi ciniki kafin a tashi, ya nuna wa direba sunan tashar a rubuce, domin Barcelona da Piraeus kowace tana da mashigai da dama masu nisa da juna.

Maganar biza a gama ta tun kafin a sayi tikitin tafiya. Italiya da Girka da Sifaniya da Malta duk suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, Turkiyya ba ta ciki. Jirgin da ya fita ya je Istanbul ya dawo Atina ya sake shiga yankin ke nan, don haka mai buƙatar biza ya nemi wadda ake shiga da ita fiye da sau ɗaya.

Kayan fita kaɗan ne: katin jirgi, wanda ba a sauka ko hawa sai da shi, fasfo ko kwafinsa gwargwadon abin da aka sanar, ɗan tsabar kuɗin ƙasar, ruwa, maganin da kake sha kullum, da taswirar garin da ka sauke a waya tun kana da intanet. Jaka a gaba take zama cikin tiram da kasuwa. Sai takardar shirin ranar da ake ajiye maka a ɗaki, wadda mutane ke bari a kan gado. A jikinta akwai suna da lambar wayar wakilin jirgi na wannan tashar. In ka ga alamar za ka makara, shi za ka kira tun kana hanya, ba sai ka iso ba, domin shi ke magana da jirgi kai tsaye. In kuma ta faru jirgi ya tafi, yawancin kamfanoni sukan ɗauko fasfon fasinja su bar shi hannun wannan wakilin, shi ne kuma zai nuna maka yadda za ka cim ma jirgin a tasha ta gaba, amma kuɗin jirgin sama da na masauki daga aljihunka za su fito.