Yadda ake koyon kiɗan jaz da ogan: a fara da hannun hagu

Ogan ɗin da ake nufi a jaz shi ne Hammond B-3, wanda aka ƙera a Amurka daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1970, kuma makaɗin jaz Jimmy Smith ya fito da shi fili da fayafayan da ya fara yi wa kamfanin Blue Note a 1956. Yana da jeri biyu na maɓallai, kowane 61, da feda 25 ta ƙafa. Wanda bai samu na asali ba, na zamani masu kwaikwayon sautinsa irin su Nord da Hammond SK za su wadatar, muddin suna da sandunan ja guda tara na saita murya.

Abu na farko, mai koyo ya ajiye ɗabi'ar fiyano. A ogan, ko ka danna a hankali ko da ƙarfi, sautin ɗaya ne, kuma ba ya dusashewa sai ka ɗaga yatsa. Ƙarfin murya yana ƙarƙashin ƙafar dama, a kan babbar fedar nan mai lilo. Kada ƙafar ta riƙa bin bugun ganga tana sama da ƙasa, domin sautin zai yi ta kumbura yana sacewa.

Sai saiti. Kowace sanda tana jawuwa daga 0 zuwa 8. A jerin sama ka jawo uku na farko gaba ɗaya, wato 888000000 (kowace lamba sanda ɗaya ce), ka kunna Percussion, mai ƙara ɗan ƙwanƙwasa a farkon sauti, a kan maɓallansa na Third, Soft da Fast, ka sa Chorus, mai sa sauti ɗan rawa, a C3. A jerin ƙasa ka sa 838000000. Lasifikar Leslie mai juyawa ka bar ta a hankali, sai kiɗa ya kai ƙololuwa ka saki saurinta. Masu koyo kan yi kukan cewa ƙwanƙwasar Percussion tana ɓacewa. Dalilin shi ne ba ta sake fita sai an saki dukkan maɓallan jerin sama, saboda haka a riƙa ɗan raba sauti da sauti maimakon jan su a manne.

Yanzu ga ainihin aikin. Ƙungiyar ogan yawanci mutum uku ce: ogan, jita da ganga. Babu mai bes, wato kayan kiɗa mai sautin ƙasa, hannunka na hagu ne bes ɗin, kuma in ya yi tuntuɓe kowa ya faɗi. Ɗauki bulus (blues), wato salon kiɗan nan mai gaɓa 12, a F. Ga kod ɗin kowace gaɓa, wato sautukan da ake haɗawa a buga tare: F7, Bb7, F7, F7, Bb7, Bb7, F7, D7, Gm7, C7, F7, C7. Kowace gaɓa bugu huɗu, kowane bugu sauti ɗaya. A bugun farko ka taka tushen kod ɗin, wato sautin da kod ɗin ke ɗauke da sunansa, a na huɗu ka taka sautin da ke rabin mataki sama ko ƙasa da tushen da ke tafe. Misali a gaɓar farko: F, A, C, B, sai ka sauka a kan Bb. Saita na'urar ƙirga bugu a 50, ka ɗauki kowane ƙas ɗinta a matsayin bugu na 2 da na 4. Minti 15 kullum, hannun hagu shi kaɗai, har sai kana iya hira da wani bes bai tsaya ba. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ke tona asirinsu a gaban mai ganga.

Ƙafar hagu aikinta kaɗan ne a farko: ɗan taɓa feda a gajarce tare da kowane bugu, don bes ya sami kaifi. In ta daɗe a kai, sautin ƙasa zai dagule.

Daga nan hannun dama ya shigo da sauti biyu kacal: A da Eb a kan F7, Ab da D a kan Bb7. Kowane yatsa rabin mataki kawai yake motsawa. Kod mai sauti biyar a ogan cunkoso ne, don kowane maɓalli ya riga ya ɗauko muryoyi da yawa.

Ƙirƙirar kiɗa nan take tana farawa da sautuka shida: F, Ab, Bb, B, C, Eb. Yi jimla ta gaɓa biyu, ka yi shiru gaɓa biyu, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Shirun dole ne a koye shi, tunda ogan ba ya buƙatar numfashi, kuma mai shi yana iya cika kunnen jama'a ba tare da ya sani ba. Rera jimlar da baki kafin yatsu su taɓa ta. In bes ya fara kwaikwayon tsallen hannun dama, rage sauri ka koma sauti ɗaya a dama har hagu ya daidaita.

Ga malami kuwa, ya fi kyau ya buga jimla ɗalibi ya mayar da kunne kafin a buɗe takarda. Ya ba shi gaɓa huɗu daga faifan makaɗan ogan irin su Jimmy McGriff ko Jack McDuff ko Shirley Scott ya kwashe da kunne, sannan ya maimaita su a Bb da C. Makaɗin ogan Larry Young kuwa a bar kiɗansa sai bulus ya zauna. A riƙa naɗar darasin a waya, a saurari hannun hagu kaɗai a karo na farko, a duba ko ya yi gaggawa a gaɓa ta 9 da ta 10, inda Gm7 ke wucewa zuwa C7.