Kurakuran da baƙinmu suke maimaitawa a yankin Amish da gidajen tarihinsa

Duk baƙon da ya zo daga gida ya sauka a gabashin Amurka, da ya gama da New York da Washington sai ya ce a kai shi ya ga "mutanen nan masu keken doki," wato Amish. Ni ma ina son kai mutane, domin gundumar Lankasta da ke jihar Fensilbaniya tana cikin wuraren da na fi ƙauna a ƙasar nan. Abin da ya ishe ni shi ne kurakuran da kowane ayari yake yi, iri ɗaya, kamar an yi musu wasiyya. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda zai zo ya karanta tun yana gida.

Kuskuren da yake haifar da sauran shi ne tsallake gidan tarihi a faɗa ƙauyuka kai tsaye. Mutum ya wuni yana zagaya gonaki cikin mota, ya koma bai san komai ba sai cewa suna sa baƙaƙen kaya. Alhali mutanen nan tarihi ne ya zaunar da su yadda suke. Asalinsu daga birnin Zurich na Suwizalan ne, a 1525, lokacin da wasu Kirista suka ce babban mutum mai hankalinsa ne ya kamata a yi wa baftisma, ba jariri ba, kuma ba za su ɗauki makami ba. A kan wannan aka yi ta kashe su. An nutsar da Felix Manz a kogin Limmat a 1527. A 1569 wani mai suna Dirk Willems ya tsere daga kurkuku a Holan, ya bi ta kan ruwan da ya daskare, mai bin sa ya rufta ciki, shi kuwa ya juyo ya ceto shi. Aka sake kama shi aka ƙone. Kusan kowane yaron Amish ya san wannan labari. Idan ba ka san shi ba, nesa-nesan da suke yi da hukuma da baƙon ido zai zame maka kamar girman kai, alhali ba shi ba ne.

Ni dai al'adata, ba na barin baƙo ya ga gona ko ɗaya sai mun fara da gidan Hans Herr da ke kusa da Willow Street. Gidan dutse ne da aka gina a 1719, shekarar tana nan a sassaƙe a saman ƙofa, kuma shi ne gini mafi tsufa da ya rage a gundumar. A cikinsa 'yan Menonait na farko a yankin, wata ɗarikar Kirista mai tushe ɗaya da Amish, suke taruwa ibada. Daga nan sai Landis Valley, inda wasu 'yan'uwa biyu, Henry da George Landis, suka fara baje kayan noma da na gida na Jamusawan Fensilbaniya a 1925. Idan da sauran rana mu ƙarasa Ephrata Cloister, mazaunin wasu masu ibada da Conrad Beissel ya kafa a 1732. Su ba Amish ba ne, wata ƙungiya ce daban, amma maɗaba'arsu ce ta buga wa 'yan Menonait babban littafinsu na shahidai da Jamusanci wajajen 1748. Wanda tafiyarsa ta Ohayo ce, ya nemi cibiyar tarihin Amish da Menonait a garin Berlin, inda akwai zanen bango mai suna Behalt da ya zagaye ɗaki, tsawonsa ya kai mita 80, aikin Heinz Gaugel. A Indiyana kuma akwai Menno-Hof a Shipshewana. A irin waɗannan wurare akwai mutanen da aikinsu ke nan amsa tambaya. Duk tambayar da take cin ka, can za ka sauke ta, ba a kan matar da take sayar da ƙwai a bakin hanya ba.

Sai haɗa Amish da Menonait a ce duk ɗaya ne. Tushensu ɗaya, amma sun rabu tun 1693, lokacin da Jakob Ammann ya ce a tsananta wajen ƙaurace wa wanda aka fitar daga jama'a. Amish ba su da ginin coci, a gidajensu suke ibada, Lahadi ɗaya su yi ɗaya su huta, ana zagayawa gida-gida. Magidancinsu yana barin gemu ya aske gashin baki. A Lankasta keken dokin Amish ruwan toka ne, mai baƙin launi kuwa yawanci na 'yan Menonait masu tsohuwar al'ada ne. Mafi yawan 'yan Menonait ma suna tuƙa mota, suna zuwa jami'a, ba za ka bambance su da kowa a titi ba, kuma da yawansu a Afirka suke, musamman Habasha da Kwango. Wanda ya fito daga Adamawa ko kudancin Borno ya ma san wani reshe na wannan dangi: Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, ta fito ne daga cocin Brethren, kuma kwalejin da 'yan wannan coci suka kafa tana Elizabethtown, cikin gundumar Lankasta ɗin nan.

Yanzu ga wanda yake ƙona mini rai: hoto.

Amish ba sa tsayawa a ɗauke su hoto. Suna ganin sa a matsayin nuna kai, kuma suna danganta shi da hanin da ke cikin littafinsu game da yin siffa. An rubuta wannan a takardun da ake raba wa masu yawon buɗe ido, ana faɗa a kowane gidan tarihi, amma mutanenmu da sun hangi keken doki sai hannu ya tafi aljihu. Akwai wata gona da na daɗe ina sayen madara da ƙwai a cikinta. Sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo kafin mai gidan ya fara tsayawa mu yi hira, yana tambayata yadda ake noman gero a wurinmu da yadda ake huɗa da shanu. Wata rana na je da wani baƙo, na ja masa kunne tun a mota. Ina ciki ina biyan kuɗi, ashe shi ya zagaya bayan rumbu inda yaran gidan suke wasa, ya ɗauki bidiyo, har yana ce musu su ɗago kai. Uwarsu ta fito ta kwashe su, ba ta ce uffan ba. Maigidan ma bai ɗaga murya ba, ba halinsu ba ne. Amma daga ranar ciniki kawai ya rage tsakaninmu: in miƙa kuɗi, ya miƙo kaya. Hirar nan ba ta dawo ba har yau.

Da na yi wa baƙon magana sai ya ce, "Haba Malam, yara ne fa, kuma ban taɓa kowa ba." To, ku gaya mini, wane Bahaushe ne zai ga an rubuta "Ba a shiga" a zauren mutum, ya kutsa har tsakar gida ya ɗauki iyalinsa bidiyo ya watsa a WhatsApp, sannan ya ce ai bai taɓa kowa ba? Mu da muka fi kowa sanin mutuncin gida, mu ne za mu je mu keta na wasu don suna da haƙuri? Allon da ke bakin hanya mai cewa ana sayar da ƙwai ko zuma izini ne na zuwa wurin ciniki kawai. Bai ba ka rumbu ba, bai ba ka barga ba, balle yara. Makarantunsu masu aji ɗaya, inda suke karatu har aji takwas kamar yadda Kotun Ƙoli ta amince musu a 1972, su ma ba wurin tsayawa leƙe ba ne. Kuma kada wanda ya ce in kai shi Nickel Mines, inda aka harbe 'yan mata biyar a makaranta a 2006. Jama'ar sun rushe ginin ne don kada ya zama wurin kallo. Dokata yanzu ita ce, da mun bar babban titi wayoyi su shiga jaka. Wanda bai yarda ba ya nemi wani direban. Hoton gona daga nesa, ko kayan da ke gidan tarihi inda aka ba da izini, wannan ba laifi.

Wani abin da nake ji yana ɓata mini rai shi ne baƙo ya ga farantin sola a rufin rumbu, ko ya ga Ba'amishe a bayan motar haya, ya ce ashe ƙarya suke yi. Ba su taɓa cewa sun haramta kowace na'ura ba. Abin da suka ƙi shi ne jawo wayar lantarki ta gari cikin gida da mallakar mota, don suna ganin waɗannan suna raba iyali da maƙwabta. Kowace unguwa tana da ƙa'idojinta da suke kira Ordnung, shi ya sa abin da aka yarda da shi a Lankasta ba lallai a yarda da shi a wani yanki na Ohayo ba. Kuma ba ƙarewa suke yi ba, yawansu yana ninkawa kusan duk shekara ashirin.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sa tafiyar ranar Lahadi, shagunansu a rufe suke. Lokacin sanyi gidajen tarihi da yawa suna rage kwanakin buɗewa, ka duba kafin ka taso. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, domin wasu rumfunan babu kowa a wurin, akwati ne kawai ka saka kuɗin ka ɗauki kayanka. A hanya, keken doki bai fi gudun mai keke ba, kada ka danna masa oda, doki yana firgita, kuma kada ka wuce shi a kwana ko kan tudu.

Musulmi kuma ya yi hattara da abinci. Akwai wani abin karin kumallo da suke kira scrapple, naman alade ne da garin masara, kuma ana yawan sa kitsen alade a ɓawon kek ɗinsu, har da mai zaƙin nan da ake kira shoofly. Ka tambaya da wane mai aka yi, za su gaya maka gaskiya. Ni na fi kai baƙi babbar kasuwar Lankasta, mai ci Talata da Juma'a da Asabar, mu sayi burodi da cuku da tuffa mu ci a mota.