Yadda za a shirya bita da baje koli wa masu fasahar ƙauye

A 1971 wani malamin makaranta mai suna Geoffrey Bardon ya ƙarfafa wa dattawan Papunya, wani ƙauye a hamadar Ostiraliya, su zana da fenti a kan allo irin abin da suka gada suna zanawa a rairayi da jikinsu. A 1972 masu zanen suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula, wanda har yau yana hannunsu. Cibiyoyin zane na ƴan asalin ƙasar da suka biyo baya a ƙauyukan nesa yawancinsu kan tsari ɗaya suke: masu zane ne ke da cibiyar, wanda ke riƙe littafin kuɗi ma'aikacinsu ne. Mai son taimakon maginan tukwane na Mirriya, ko masu zanen ƙwarya da saƙar faifai na wajen Matameye da Magarya, duk a yankin Damagaram na Nijar, daga nan zai fara.

Kafin a kira kowa, a je a gaida mai gari, a zauna da shugaban masu sana'ar, su ne za su fitar da mutum uku da za su riƙa yanke shawara. In sana'ar ta mata ce, mace ta jagoranci zaman, a kuma yi shi a cikin gida. Lokaci kuwa bayan kaka ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina kowa na gona, daga Maris kuma zafi ba ya barin a zauna. A kauce wa ranar kasuwar garin.

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa, kwana biyar, daga hantsi zuwa azahar. In sun wuce haka, mai koyarwa sai ya koma mai rabon kaya. Kada a je da niyyar koya wa gwani sana'ar kakanninsa. Abin da ba shi da shi ake kai masa: kayan aiki masu kyau, awo, gyaran ƙarshe, da yadda ake sa farashi. In fenti mai haɗin ruwa za a yi aiki da shi, a sani cewa iskar hunturu na busar da shi cikin ƴan mintoci, don haka a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a murfi, buroshi kuma ya zauna cikin ruwa. Zanen da ke kan yadi a naɗe shi fuskar fentin na waje, kada a ninke, don ninki na fasa fenti.

Akwai kuskuren da Papunya ta biya da tsada. Zanen farko ya fito da alamomin ibada da ba kowa aka yarda ya gani ba, wasu al'ummomin suka fusata, har masu zanen suka koma ɓoye su ko barinsu gaba ɗaya. A nan ma akwai zanen da ke na wani gida ko na sarauta. A tambayi mai aikin a gaban shaida: a nuna wannan? A ɗauki hotonsa? A sa a Facebook? In ya ce a'a, magana ta ƙare.

Inda aka fi yin sakaci shi ne rubutu, alhali shi ne gadon bayan aikin. Kowane kaya ya samu lamba da kati mai ɗauke da sunan mai yi, garinsa, ranar gamawa, tsawo da faɗi, abin da aka yi shi da shi, farashi, da hoto ɗaya da aka ɗauka a inuwa. A rubuta da boko da ajami in mai aikin ajami yake karantawa. Kayan da ba kati, in sun shiga birni, sai su zama "aikin ƙauye" kawai, dillali ya saye a banza ya sayar da tsada. Rabon kuɗi ma a faɗe shi a bainar jama'a tun ranar farko. Muna ba da shawarar kashi 60 ga mai aiki, 40 ga asusun ƙungiya don kaya da mota. Kwanon ƙwarya na jika biyar ke nan mai shi ya karɓi jika uku.

Wajen ɗauko tukwane, a sa ƙaiƙayi ciki da tsakaninsu, kada a jera fiye da uku, kuma a ɗauko da rara, don hanya sai ta ci nata. Aikin dukawa a ajiye shi nesa da rana, tana kashe launin fata.

A Damagaram, a buɗe baje kolin ranar Alhamis, lokacin da kasuwar Dole ta tara baƙi. Bikin baje kolin zane na Desert Mob da ake yi a garin Alice Springs na Ostiraliya tun 1991 yana raba zaɓaɓɓen aiki da na kasuwa, kuma dabara ce mai kyau: aiki talatin mafi kyau a ɗaki da sarari tsakaninsu, ƙananan kaya a rumfa a waje. A kawo masu aikin da kansu, a biya musu mota da abinci da masauki, su tsaya kusa da kayansu su yi bayani. Cikin mako guda da rufewa a koma ƙauye da littafin, a karanta abin da aka sayar lamba-lamba, a biya kowa a hannu, a mayar masa da abin da ya rage.