Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Babur Ƙirar Honda Super Cub

A gidaje da yawa akan tarar da tsohon ƙaramin babur a jingine cikin zaure ko bayan ɗaki, ƙura ta lulluɓe shi, tayoyinsa sun sace, mai gidan kuma bai yarda a sayar wa 'yan gwangwan ba domin na mahaifinsa ne. Idan baburin nan Honda Super Cub ne, wato C50 ko C70 ko C90, to ya cancanci wahalar da za a sha a kansa. Kamfanin Honda na Japan ya fara ƙera shi a 1958, a zamanin Soichiro Honda da abokin aikinsa Takeo Fujisawa, kuma a 2017 adadin waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100. Yawancin baburan da ake kira roba-roba a yau kwaikwayon wannan ƙirar ne, abin da ya sa kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Babban kuskuren masu wannan sha'awar shi ne farawa da fenti, alhali fenti ne ya kamata ya zo a ƙarshe, bayan inji ya tashi kuma birki ya kama.

Mataki na farko shi ne binciken baburin tun kafin a kashe ko sisi. Idan saye za a yi, a duba lambar inji da lambar shasi, a tabbata sun yi daidai da abin da ke cikin takardu, a kuma karɓi rasit a gaban shaidu, domin babu amfanin ɓata watanni ana gyara abin da wata rana za a ce na sata ne. Daga nan sai a duba gangar jikin. Shasin Super Cub farantin ƙarfe ne da aka matse aka haɗe, kuma murfin tayar baya ɓangare ne na shasin kansa, saboda haka tsatsar da ta ci wurin ta shiga ƙashin bayan baburin ne. A ɗaga kujera, a leƙa ƙarƙashin tanki, a ƙwanƙwasa wuraren da fenti ya kumbura. Sannan a danna kik da hannu a hankali. Idan ya sauka kuma aka ji yana turjewa, injin yana da sauran rai. Idan ya ƙi motsi sam, fistan ya kama, kuma kada a hau kik ɗin da ƙarfi, sai dai a cire filogi a zuba ɗan baƙin mai gauraye da kananzir a ramin, a bar shi ya kwana biyu ko uku.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a ɗauki hotuna da waya ta kowace fuska, musamman hanyar da wayoyin wuta da igiyoyin birki da na totur suka bi. Duk abin da aka cire a sa shi a ledarsa, a rubuta sunansa. Sukurorin murfin inji suna da taushi, kansu kuma yakan lalace da sukundireba na yau da kullum, don haka a nemi irin wanda ake bugawa da guduma. Kada a jefar da komai a wannan lokacin, ko da ya yi kama da shara, domin sau da yawa tsohon kayan asali da aka wanke ya fi sabon jabu ƙarko, kuma shi za a riƙe a hannu a gwada idan an je neman madadinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna.

Abu na gaba shi ne hanyar mai. Fetur ɗin da ya shekara a tanki yakan zama danƙo mai wari, ya toshe komai. A zubar da shi, a cika tankin da ruwan tsami na binega, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ana jijjigawa, sannan a ɗauraye sosai, a shanya a rana har ya bushe ƙayau, a zuba ɗan mai nan take don kada sabuwar tsatsa ta kama. Tankin da ya huje ba a kai shi wurin mai walda sai an wanke shi sarai, saboda tururin fetur ɗin da ya rage a ciki yana iya fashewa. Ita kuwa kafireta, a kwance ta a kan farin tsumma, a wanke kowane yanki, a fitar da ƙananan jet guda biyu, wato sukurori masu siririn ramin da fetur ke bi, a hura su har a hango haske ta cikinsu. Ba na goyon bayan zura allura a ramin jet kamar yadda wasu ke yi, domin ramin yana faɗaɗa, babur ya riƙa shan mai yana baƙanta filogi. A sauya tiyon mai, a kuma sa sabuwar matatar iska, wadda a ƙasar da hunturu ke tayar da ƙura ita ce mai tsaron ran injin.

Yanzu sai inji, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. A juye tsohon baƙin mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. A buɗe murfin dama, inda za a tarar da 'yar ragar tace mai a ƙasa, da kuma wata matatar a tsakiyar kuloci wadda ke tara dauɗa ta hanyar juyawa. Mutane da yawa ba su san da wannan ta biyun ba, shi ya sa akan same ta cike da baƙin laka na shekaru. A kankare ta tas. Bayan haka a daidaita bawul alhali injin yana da sanyi: a juya filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a gefen hagu na inji, har alamar T da ke kansa ta zo daidai da alamar da ke jikin inji a lokacin da bawul biyun suke rufe, sannan a sa tazarar kowanne ta zama milimita 0.05, da ma'aunin tazara, ba da kintace ba. Bawul ɗin da aka matse fiye da kima yakan ƙone, wanda kuma aka sake shi yakan yi ƙara. Idan bayan wannan injin ya tashi amma yana fitar da shuɗin hayaƙi, ringi ya gaji ko silinda ta ci, sai a cire ta a kai wa masu borin su auna, a sayi fistan da ringin da suka dace da sabon awon. Duk fakin da aka buɗe, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin sassan inji, a sa sabo. Baƙin man da injin ke ɗauka bai kai lita ɗaya ba, kuma a zuba na babur, domin kuloci a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuwa suna sa shi sulɓi.

Wutar baburin ta danganta da shekarunsa. Tsofaffin suna aiki da batir mai bolt 6 da kwantak, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don filogi ya ba da wuta, waɗanda aka ƙera daga farkon shekarun 1980 kuma suka koma bolt 12 da akwatin CDI, na'urar lantarki da ta maye gurbin kwantak. Idan mai kwantak ne, a goge bakinsa, a sa tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, a tabbata yana fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta filawil ta zo kan alamar jikin inji. Tazarar filogi kuwa 0.6 zuwa 0.7 ce. Kada a tayar da mai bolt 6 ba tare da batir ba, domin ƙwayayen fitila sukan ƙone.

Super Cub ba shi da hannun kuloci, da ƙafa kawai ake sauya giyarsa uku, don haka idan yana fizga ko yana sulɓi, sukurin da ke jikin murfin dama ake gyarawa: a sassauta notinsa, a juya sukurin dama sau ɗaya, a dawo da shi hagu a hankali har a ji ya tokare, a mayar da shi dama kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a ɗaure. Takalman birki a sauya su gaba da baya ko da sun nuna da sauran nama, saboda gam ɗin da ya riƙe su yakan saki da tsufa, kuma kada a hure ƙurarsu da baki, tsofaffin suna iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu. Tayoyi masu inci 17 ne, a sa sabbi da tif ɗinsu, a sauya boris, a haɗa sarƙa da sifoket sabbi a lokaci guda, a kuma mayar da murfin sarƙar, wanda ke kare ta daga yashi.

Sai yanzu fenti. Idan na asali bai mutu ba, ni dai na fi son a wanke shi a goge a bar shi, domin ba a sake samun irinsa. Idan kuwa dole ne, a kankare tsatsa da samfefa har a ga farin ƙarfe, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, a fesa launi siriri-siriri sau uku, a bar shi ya bushe a inuwar da babu ƙura. Farar garkuwar roba da ke kare ƙafafu ba ta riƙe fenti da kyau, wanki da gogewa sun fi mata.

Mai son ƙawata baburin yana da fili: kujerar fata da aka ɗinka wurin masu dukanci, ƙaramar kariyar ɗora kaya, madubai masu zagaye, ko wani launi na daban. Sharaɗin da nake ba da shawara a kai shi ne kada a yanke shasi, kuma duk abin da aka cire a adana shi, yadda za a iya mayar da baburin kamar yadda ya fito. Wasu suna ɗora injin kamfanin Lifan na China mai cc 110 ko 125, wanda yakan zauna a mazaunin na asali ba tare da wahala sosai ba, amma birkin ganga da aka ƙera don ƙaramin inji bai ƙaru da komai ba, kuma lambar inji ta sauya, don haka sai an gyara takardu a ofishin lasisi.

Ranar da za a fara hawa, a sa hular kwano, a zaɓi layin da babu cunkoso, a gwada birki tun kafin a shiga giya ta biyu. Idan an sa sabon fistan, a tafi da shi a hankali, ba goyo ba kaya mai nauyi, har kimanin kilomita 500, sannan a juye baƙin mai, a sake auna bawul, a bi notuna ɗaya bayan ɗaya a ƙara ɗaure waɗanda girgiza ta sassauta.