Kurakuran da masu hawan dutse mai aman wuta suka fi yi

Yawancin masu shirin hawan dutse mai aman wuta, wutar kaɗai suke tsoro. Da zarar an ce musu dutsen ya daɗe bai yi amai ba, sai hankalinsu ya kwanta. Wannan sakin jiki shi ne babban kuskure.

A ranar 27 ga Satumba 2014, dutsen Ontake na ƙasar Japan ya fashe gab da tsakar rana, daidai lokacin da jama'a suka cika samansa suna hutawa suna ɗaukar hoto. Mutum 63 ne suka mutu ko suka ɓace. Narkakken dutse bai kwaranyo ba ko kaɗan. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya ɗau zafi ya zama tururi, ya fasa ƙasa, ya yi ta jifa da duwatsu. Irin wannan fashewa ba ta cika ba da alama ba, kuma makamanciyarta ce ta kashe mutum 22 a tsibirin Whakaari na Niyu Zilan a Disamba 2019. Don haka ka duba matakin gargaɗin da hukumar da ke sa ido kan dutsen ta fitar, kuma ka sake dubawa a safiyar tafiya, domin labarin makon jiya ba ya amfani. Idan ka isa bakin ramin da ke saman dutsen, ka duba ka juyo. Inda aka ce a sa hular kwano, ka sa.

Wani kuskuren kuma shi ne raina tsayin dutse. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 a ma'aunin Celsius. Shi ya sa ake samun ƙanƙara a kan Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895, duk da yana yanki mai zafi. Daga wajen mita 2,500 kuma jiki kan fara jin ƙarancin iska: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, masu ƙarfi ma kan faɗa wannan tarko, saboda suna saurin hawa kuma suna jin kunyar faɗin abin da ke damunsu. Ka ƙara kwana a hanya, ka sha ruwa sosai, ka tafi da rigunan sanyi da za ka iya ƙarawa ko cirewa. In ciwon ya ƙaru, ko tafiyarka ta fara tangaɗi, ka sauko nan take.

Akwai kuma iskar da ido ba ya gani. Mutane kan ɗauka in ba su ji warin farar wuta ba, to wurin lafiya lau ne. Alhali iskar kabon (carbon dioxide) ba ta da wari, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a rami da kwari. Ita ce ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru a 1986 ta hallaka fiye da mutum 1,700. Kada ka kafa tanti a gangare mai zurfi ko ka zauna hutu a cikin rami. Takunkumin fuska na rage toka, amma ba ya tare wannan iska, kuma mai ciwon asma ya nemi shawarar likita tun kafin ya tashi.

Saukowa ma ba ƙarshen haɗari ba ne. Ruwan sama ko narkewar ƙanƙara na haɗuwa da toka su zama ambaliyar laka mai bin kwarin kogi da gudu. Irinta ce ta binne garin Armero na Kolombiya a 1985, mai nisan gomman kilomita daga dutsen Nevado del Ruiz, ta kashe sama da mutum 20,000. In kana cikin kwari ka ji rugugi daga sama, kada ka bi gangara da gudu, ka haye tudun da ke gefe.

Takalmi ya zama mai kama ƙasa da rufe idon sawu, domin tsakuwar dutsen na da kaifi da santsi, musamman wajen gangarowa. Ka ɗauki ɗan jagora ɗan yankin wanda hukuma ta san da shi, kuma in ya ce yau a juya, ka juya.