Rufin motarku da ƙurar hunturun Kaduna

Jama'a, masu motar da rufinta ke naɗewa, ku kula sosai yanzu da hunturu ya kama, domin ƙurar Kaduna tana shiga zaren rufin har ta ci shi. Kada ku bari masu wankin mota su harba masa ruwan injin mai ƙarfi, musamman wajen ɗinki da gefen gilashin baya. A fara kakkaɓe ƙurar da burushi mai laushi, a wanke da sabulun mota, ba Omo ba, sannan a bar shi ya bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna. Kujerun fata kuwa, a riƙa shafa musu man gyaran fata, a ajiye motar a inuwa, saboda rana tana tsattsaga su. Fenti ma kada a goge shi da busasshen tsumma.