In za ka je Fas, ga shirin da nake ba da shawara

Duk wanda ya ce mini zai je Maroko hutu, tambayar da nake fara yi masa ita ce kwana nawa ya ware wa Fas. Yawanci amsar kwana ɗaya ce: a sauka da rana, a shiga zawiyar Shehu Tijjani a yi ziyara, a sayi jallabiya da takalmi, washegari a kama hanyar Marrakesh. Wannan tsari yana ba ni takaici, domin an zuba kuɗin jirgi mai yawa, an zo har bakin ƙofa, sannan an juya. Shawarata kwana huɗu, in aljihu ya matsa uku. Mota ba ta shiga tsohon birnin, da ƙafa ake zaga shi, kuma kan gangara aka gina shi. Wanda ya shirya tafiyarsa da sanin wannan zai ji daɗi. Wanda bai sani ba, ciwon gwiwa kawai zai tuna.

Fara da zaɓen lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, ko daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, shi ne daidai. Yuli da Agusta zafi ne mai tsanani, wata rana har ya haura digiri 40, ga hawa da sauka. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma sanyi ne haɗe da ruwan sama, irin mai ratsa ƙashi, kuma tsofaffin gidajen birnin don maganin zafi aka gina su, ba sa riƙe ɗumi. In hutunka na Disamba ne, ɗauki rigar sanyi mai kauri da safa, ka tambayi masauki ko ɗakin yana da abin ɗumamawa kafin ka biya. Agogonsu ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, sai a watan azumi da suke mayar da shi baya da awa ɗaya. Amma lokutan salla sun bambanta ƙwarai: a Disamba asuba takan kai kusan ƙarfe 7, a Yuni kuwa magariba sai wajen 8:30 na dare. Mai son ganin taron 'yan'uwa daga Senegal da Mali da Najeriya ya nufi lokacin Mauludi, amma ya kama ɗaki tun da wuri.

Ɗan Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancin Maroko yana Abuja. Za a nemi tikitin zuwa da dawowa, shaidar masauki, da takardar banki, don haka ka fara nema da sauran makonni a gaba. Masu fasfon Nijar sun daɗe suna shiga ba biza, sai dai doka kan canza, a tabbatar kafin a yanki tikiti. Ka duba cewa fasfonka yana da sauran aƙalla wata shida, ka sa katin rigakafin shawara a cikinsa.

Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai kai tsaye zuwa Kasablanka. Daga nan ni jirgin ƙasa nake bi, kuma shi nake so ka bi. Tashar tana ƙasan ginin filin jirgin: ka hau zuwa tashar Casa Voyageurs, ka canza zuwa na Fas, tafiyar kamar awa huɗu ta Rabat da Meknes. Ƙara ɗan kuɗi ka sayi tikitin aji na ɗaya, kujerarka da lambarta, ga wurin ajiye akwati. Tun a filin jirgi ka canza wani abu daga kuɗinka, domin dirhami ba a samun sa a waje, naira kuma ba mai karɓa. Tafi da dala ko yuro. Dala ɗaya takan kama dirhami 9 zuwa 10. A nan kuma za ka sayi layin waya na Maroc Telecom ko Orange ko Inwi. Soket ɗinsu mai baki biyu zagayayyu ne, wanda ya fito daga Najeriya ya taho da mahaɗi don cajarsa.

Yanzu batun masauki, wanda a ganina shi ne rabin tafiyar. Fas uku ce a haɗe. Akwai tsohuwar, Fas al-Bali, wadda Idris na Ɗaya ya fara kafawa a 789, ɗansa Idris na Biyu ya mayar da ita babban birni. Akwai Fas Jadid da sarakunan Banu Marin suka gina a 1276, inda fadar sarki take. Sai sabon gari na zamanin Faransawa, inda tashar jirgin ƙasa da manyan otal suke. Abin da ya kawo ka yana cikin tsohuwar, can ya kamata ka kwana. Masaukan ciki ana ce musu riyad: tsofaffin gidajen attajirai ne, daga waje bango ne kawai da ƙaramar ƙofa, ciki kuma tsakar gida ce da famfon ruwa, ɗakuna sun kewaye ta har bene biyu ko uku. Kafin ka biya, aika musu tambayoyi biyu. Minti nawa ne a ƙafa daga inda tasi take tsayawa? Kuma ɗakin a ƙasa yake ko a sama? Matakalan waɗannan gidaje ƙunci gare su, ga tsayi. In da Hajiya ko Baba za ka tafi, nemi ɗakin ƙasa, kusa da dandalin Rasif ko Batha, inda mota take iya kaiwa. Ka ce su turo yaro ya tarye ka da kura ya ɗauki kaya, domin ranar farko ba za ka gane gidan da kanka ba, taswirar waya ma rikicewa take a lungunan. Tasin cikin gari ja ce ƙarama, mutum uku take ɗauka, tana da mita. Ka ce a kunna.

Ga dabarar da za ta sauƙaƙa maka komai: kullum fara daga sama, ka gangaro. Tasi ta ajiye ka a ƙofar Bab Bujulud, mai shuɗin ado a waje da kore a ciki, wadda aka gina a 1913. Daga nan hanyoyi biyu suke gangarawa, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, dukansu suna kai ka tsakiyar birni wajen masallacin Ƙarawiyyin. In ka gama, kada ka koma ta inda ka fito. Ci gaba da gangarawa ka fita ta Rasif, ka hau tasi. Wanda ya san kasuwar Kurmi zai gane yanayin wurin, sai dai a nan birnin ne gaba ɗaya haka, lunguna dubbai, wani ma mutum biyu ba sa iya giftawa. Jakuna da alfadarai ne suke dakon kaya, har tukwanen gas. Da ka ji an ce “balak”, manne da bango.

Ranar farko kada ka ɗora wa kanka da yawa. 'Yan taku kaɗan daga ƙofar Bab Bujulud za ka tarar da makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan ya gina a shekarun 1350. Biya kuɗin shiga, ba su da yawa, ka zauna a gefen tsakar gidan ka ɗaga kai. Ƙasa ƙananan tayil ne da aka yanka ɗaya bayan ɗaya da hannu, tsakiya farar ƙasa ce da aka sassaƙa ayoyi a jikinta, sama katako ne mai zane. Ƙananan tagogin da ke bene ɗakunan ɗalibai ne. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan kyau duka don almajiran ilimi aka yi shi, 'ya'yan ƙauye da suka zo karatu ba su da kowa a birni. Makarantar Aɗɗarin, can ƙasa kusa da kasuwar kayan ƙamshi, ta fi ƙanƙanta kuma ta girme ta da kusan shekara 30, amma aikinta ya fi laushi. Ka ga duka biyun.

Ƙarawiyyin kuwa ka shirya zuwanka ya dace da lokacin salla, domin masallatan Maroko galibi a rufe suke tsakanin salloli. Faɗima al-Fihriyya ce ta gina shi a 859 da dukiyar gadonta. Danginta daga Ƙairawan ta Tunisiya suka yi ƙaura, garin mai littafin Risala da muke karantawa a zaure, daga nan masallacin ya samo suna. 'Yar'uwarta Maryam ta gina masallacin Andalus a ɗaya gaɓar kogin. Fiye da shekara dubu ana karatu a wurin nan, kuma Ibn Ajurrum, wanda duk ɗalibin nahawu a ƙasar Hausa ya haddace littafinsa, ɗan Fas ne, a nan ya rasu a 1323. Ina roƙonka ka yi magariba ɗaya a can, kuma kada ka tashi da an sallame. Mutane za su zauna su karanta izu ɗaya baki ɗaya, da ruwayar Warshu, kamar yadda suke yi kullum bayan asuba da magariba. Ɗauki ɗaya daga cikin Alƙur'anan da ke jere ka buɗe: fa'un ɗigonta a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun da ka koya a allo. Malikiyya ne su ma. A wannan zama za ka fahimci ta inda karatunmu ya biyo, fiye da duk bayanin da wani zai yi maka.

Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani tana unguwar Balida, tafiyar 'yan mintoci daga Ƙarawiyyin, hasumiyarta mai koren ado. An haifi Shehu a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798, ya rasu a 1815, kabarinsa yana cikin zawiyar. Ana wazifa kullum, ranar Juma'a bayan la'asar kuma zikiri. Da wuya ka shiga ba ka ji Hausa ba. Mata suna da ɓangarensu. Riƙe canji a aljihu don masu neman sadaka a bakin ƙofa, ka sa takalminka a leda ka shiga da shi, wayarka kuma ta zauna a aljihu lokacin da mutane suke wuridi. Hubbaren Maulaya Idris na Biyu shi ma yana nan kusa. Wanda ba ɗan ɗariƙa ba, ko wanda ziyarar kaburbura ba ta cikin fahimtarsa, babu abin da ya rage masa na dalilin zuwa Fas. Abokin tafiya Kirista kuma ya sani ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga masallatai da zawiyoyi, amma makarantun Bu Inaniyya da Aɗɗarin a buɗe suke ga kowa.

Majemar Shuwara da safe ake zuwa, lokacin da majema suke cikin ramuka. Daga saman shagunan dukawa ake kallo, za a miƙo maka reshen na'ana'a ka kara a hanci, kuma za ka buƙace shi, domin da kashin tattabara suke laushin fata. Ka tuna kana kallo cewa ƙarnoni da dama fatun jar akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano suna ƙetare Sahara zuwa arewacin Afirka, Turawa suna saye suna kiran su fatar Maroko. Mai shago zai so ka yi ciniki bayan kallo. Ba dole ba ne, ɗan ihsani ya isa. In za ka saya, taya ƙasa da rabin abin da ya faɗa, ku haɗu a tsakiya, da fara'a. Daga nan ka biya ta dandalin Saffarin, inda maƙera suke bugun tukwanen tagulla. Ƙarar guduma ce za ta kai ka.

Samari za su tare ka su ce hanyar gaba a rufe take, su bi da kai ta wata. Yawanci shago za su kai ka don su sami la'ada. Ka ce “la, shukran”, ka ci gaba da tafiya, ba faɗa ba tsayawa. In ka ɓace, tambayi mai shago da ke zaune. Jagora mai lasisi yana da amfani rabin yini a ranar farko: masaukinka su samo maka, ku yanke kuɗi tun farko, ka gaya masa tarihi ka zo gani ba dardumai ba. Larabcinsu na kasuwa da wuyar kamawa, amma suna gane na littafi, Faransanci kuma yana aiki ko'ina, abin da ya sa mutanen Nijar suka fi sakewa.

Abinci duk halal ne, sai dai ba yaji, don haka ƙullin yajinka ya shiga akwati. Ni karyawar da na fi so ita ce bisara, miyar wake mai kauri da man zaitun da burodi mai zafi, a ƙananan rumfunan kusa da Bab Bujulud. Da rana ɗajin, wato nama da kayan lambu da ake dafawa a tukunyar ƙasa, da yamma harira, miyar tumatir da wake. Ranar Juma'a kuskus ake ci, kuma mafi yawan shagunan tsohon birni a rufe suke, don haka kada ka bar sayayya sai ranar. Ka ba Juma'a ga masallaci da zawiya.

Wata yamma ka hau tasi zuwa tudun kaburburan Banu Marin, ka ga birnin duka a cikin kwari, da koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya. Ka sauko kafin duhu. In kwana na huɗu ya samu, Meknes ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa, daga can kuma tasi za ta kai ka garin Maulaya Idris Zarhun, inda kabarin Idris na Ɗaya yake, da kangon birnin Rumawa na Walili a gefensa.

Ranar komawa, kada ka yarda ka taso daga Fas a ƙurarren lokaci. Awa huɗu na jirgin ƙasa, da canji a Casa Voyageurs, da awa uku na filin jirgi, yini guda ne cur. Sayi tikitin jirgin ƙasan kwana ɗaya kafin tafiyar, ka auna akwatinka a masauki, domin butar shayi ta tagulla da jakunkunan fata da littattafai suna da nauyi, kuma kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi ya kan fi kuɗin tsarabar kanta. Ragowar dirhaminka ka canza shi kafin ka wuce wajen jami'an shige da fice.